Yadda Gizo Ya Gyara wa Hawainiya Ɗakin Kaya

"To, kowa ya wanke hannu? Ku matso nan. Tasalla, janye ƙafarki daga jikin ƙanwarki. Ga ta nan, ga ta nanku, yanzu na sauke ta daga murhu."

"Ta zo mu ji ta, Iya, tun ba ta huce ba!"

Wai a can zamanin da, lokacin da dabbobi ke zaune gari guda, suna biki suna suna kamar mutane, akwai Hawainiya. Ita Hawainiya ba ta da mugun hali. Ba ta gulma, ba ta rowar abinci, in ka shiga gidanta ko ruwan randa sai ka sha. Aibinta guda ɗaya ne tak: ba ta iya rabuwa da tufa. Duk zanen da ya shiga ɗakinta ya shiga ke nan, ko ya koɗe, ko ya yage, ko ya yi mata kaɗan.

Adakarta ta cika har murfin ya daina rufuwa. Ta cika kwalla uku. Ta ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan, ta yi ta rataya kaya har igiyar ta tsinke. Da igiya ta tsinke ba ta kwashe ba, sai ta ci gaba da jibga wasu a kai. A kwana a tashi tulin kaya ya hau gado, ya kori mai gadon, ta koma kwana a bakin ƙofa a kan 'yar tabarma.

To ai kun san mai irin wannan ɗaki ba ya shiri da wuri. In ta sami zane, babu ɗankwalinsa. In ta tono ɗankwali, zanen ya sake nutsewa. In Allah ya sa ta haɗa su biyun, sai ta ga mayafin can ƙarƙashi, ta jawo, tuli ya rushe a kanta.

Aka yi suna gidan Zomo. Kafin Hawainiya ta gama shiri ta iso, jariri ya fara rarrafe.

Aka yi biki gidan Kurege. Kafin ta iso, amarya tana wankan jego.

Aka yi Babbar Salla. Kafin ta fito da kwalliyarta, an cinye nama, har an fara jiƙa fata.

Mutanen gari suka saba, sai su yi dariya su ce, "Bar Hawainiya, tana nan tafe, in ba bana ba, baɗi."

Ana nan, ran nan sai ga ƙanwarta Ƙadangaruwa ta yi sallama. Ta nemi wurin zama a ɗaki ta rasa, ta tsuguna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Yaya, an sa ranar yarinyar nan. Juma'a mai zuwa."

Yarinyar da take nufi ita ce Kulɓa, 'yarta ta fari, wadda kunya ba ta barin ta ambaci sunanta. Kulɓa ta sami miji, Damo, saurayi mai haƙuri, suna son juna tun suna shan hantsi a kan katanga ɗaya.

Hawainiya ta rangaɗa guɗa. Ƙadangaruwa kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, ajiye guɗar tukuna. Kin san 'yar fari ce, ni ba zan shiga sha'aninta ba. Ke ce uwa. Ke za ki wanke ta, ke za ki yi mata faɗa, ke za ki kama hannunta ki kai ta ɗakinta. Ba mu da kowa sai ke. In kika yi mana irin ta gidan Kurege, yarinyar nan za ta zauna a lulluɓe tana jira har dangin miji su ce ba ta da gata. Wallahi in haka ta faru, ni da ke sai dai gaisuwar hanya."

Ta gyaɗa kai sau uku, irin nasu na ƙadangaru, ta tafi.

Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dubi tulin kaya, ta juya ɗayan ta dubi hanyar da ƙanwarta ta bi, sai hawaye. Ta ɗauki zane ɗaya ta ce bari ta fara gyara. Ta ninke, ta rasa inda za ta ajiye, ta mayar inda ta ɗauko. Ta zauna ta yi tagumi.

Ashe duk maganar nan a kunnen Gizo. Yana bayan danga yana satar yakuwar Hawainiya. Ya jefar da yakuwa, ya kakkaɓe riga, ya zagayo ta ƙofa.

"Shayamu ayaikum!"

Kun dai san Gizo da tsamin baki. Amma bari in miƙe muku maganarsa, kada ku yi ta tambayata me ya ce.

Ya ce, "Uwar ɗakina, ranki ya daɗe, wa ya mutu?"

Ta ce, "Ba wanda ya mutu, Gizo. Kaya ne za su raba ni da 'yar'uwata."

Gizo ya leƙa ɗaki. Ya ga shadda, ya ga leshi, ya ga atamfa ko ninkin kasuwa ba a warware ba. Yawunsa ya tsinke, ya haɗiye da sauri.

Ya ce, "Wannan ne abin kuka? Ai sana'ar gidanmu ke nan. Kakana shi ya gyara wa Giwa ɗaki, kin kuwa san zanen Giwa ba ƙaramin zane ba ne. Ki ba ni kwana uku."

"Me zan ba ka?"

"Haba, uwar ɗakina! Tsakanina da ke? Tuwon rana kawai, da 'yar miya mai nama."

Washegari da hantsi Gizo ya zo. Ya shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida.

Ya ce, "Ga dokar aikin. Wannan tabarma ta na jiki ce, abin da kike sawa. Wannan ta na jama'a ce, abin da yake da kyau amma ba kya sawa, a ba mabukata. Waccan ta na juji ce. Na jiki, na jama'a, na juji. Babu tabarma ta huɗu. Yau ɗankwali za mu yi."

Suka yi ta fito da ɗankwalaye har suka rufe tsakar gida. Gizo ya ɗaga wani ja mai zaren zinariya.

"Wannan fa?"

"Na jiki! Da shi na je bikin Barewa."

"Yaushe aka yi bikin Barewa?"

Hawainiya ta ƙirga da yatsu. "Shekarar da fara ta ci gero."

"Barewa yanzu jikokinta nawa?"

"Tara."

"Tun ran nan kin sake ɗaura shi?"

"A'a. Amma wata rana..."

Gizo ya ce, "Wata rana ba ta da kai, balle ta ɗaura ɗankwali. Na jama'a!" Ya wurga shi tabarma ta biyu.

Haka suka wuni. Duk wanda ta ce wata rana, sai Gizo ya ce na jama'a. Duk wanda ya yi ƙyalli, sai ya sami dalilin da zai sa ya bar gidan: wannan ya yi miki duhu, wannan ya yi miki haske, wannan yana sa ki kama da mai ciwon haƙori. Yagaggu ya tura juji. Kafin la'asar saura ɗankwali bakwai a tabarmar na jiki, waɗanda dama su take ɗaurawa kullum.

Hawainiya ta dubi tulin na jama'a. Can sai ta ce, "To, in dai za su tafi, ka kai wa Gwaggo Ungulu. Baiwar Allah nan kanta ba gashi, rana tana gasa ta."

Gizo ya ce, "Kamar kin shiga zuciyata."

Ya ƙulle ƙunshi, ya ɗora a ka. Da ya kai mararraba, hanyar gidan Ungulu ta yi dama, shi ya yi hagu, yana tafe yana waƙa:

"Na jiki na mai jiki,
Na juji na kan juji,
Na jama'a na Gizo ne,
Ai Gizo ma jama'a ne!"

Rana ta biyu aka shiga zannuwa. Nan fa aka sha daga. Hawainiya ta rungume wata atamfa kore shar ta ce ko za a yanka ta ba za ta bayar ba.

Gizo ya ce, "Ɗaura mu gani."

Ta ɗaura. Zane ya ƙi haɗuwa. Ta ja numfashi, ta matse ciki, idanunta suka ƙara fitowa waje, zane ya ce bai san zancen ba.

Ta ce, "Zan rame."

Gizo ya dubi ƙwaryar tuwon da ta gama sharewa, ya dube ta. Ita ma ta dubi ƙwaryar. Sai ta fashe da dariya, ta kwance zanen da kanta ta jefa a tabarmar na jama'a.

Daga nan aiki ya yi sauri. Har ta fara riga Gizo faɗa. "Wannan biyu gare ni iri ɗaya, ban ma sani ba. Na jama'a! Wannan tun da na saye shi ba na son sa, kunyar mai talla na ji. Na jama'a! Wannan kuwa ko tukunya ba a sauke da shi ba. Na juji!"

Da yamma gado ya bayyana. Hawainiya ta tsaya tana kallonsa kamar baƙon da ya dawo daga doguwar tafiya. Ta ce, "Ashe ƙafa huɗu gare shi."

Ta ce wa Gizo, "Waɗannan ka kai wa Bushiya. Duk zanen da ta ɗaura ƙayarta sai ta huda shi, kullum cikin tsumma take."

"Yanzu kuwa."

Ya ɗauka. Hanyar gidan Bushiya ta yi gabas, shi ya yi yamma.

"Na jiki na mai jiki,
Na juji na kan juji,
Bushiya sha ƙayarki,
Ai Gizo ma jama'a ne!"

Rana ta uku, ran Alhamis, saura mayafai da gwaduna da abin da ke cikin adaka. Aka jawo adaka tsakar gida, aka yi ta zaƙulowa. Can a ƙarshe, a gindin adaka, sai ga wani tsohon saƙi baƙi, rinin shunin baba, ya sha jiki har gefensa ya yi laushi.

Gizo ya ɗaga shi da yatsa biyu ya yatsine fuska. Ba ƙyalli, ba ado. Ya ce, "Na juji."

Hawainiya ta ce, "Miƙo shi nan."

Ta karɓa ta kai hanci.

Sannan ta ce, "Zanen Innarmu ne. Da shi ta goya ni, da shi ta goya Ƙadangaruwa. Shekara goma sha biyu ina nemansa, har na zargi maƙwabta a zuciyata, Allah ya yafe mini. Ashe yana nan, tarkacena ne ya danne shi."

Gizo ya ce, "To ai ba kya sawa. Doka ta ce..."

"Doka ta ce abin da ba na sawa a ba mai bukata. Na san mai bukatarsa. Wannan ni zan kai da hannuna."

Gizo ya ɗaga kafaɗa. Shi me zai yi da tsohon saƙi? Hankalinsa na kan wasu manyan gwaduna masu nauyi da ke lungun bayan gado, waɗanda ba a taɓa motsa su ba tun da aka ajiye. Don kada ta canza ra'ayi, ko kakkaɓe su bai yi ba, ya naɗe su yadda suke ya cusa a ƙunshi.

Ta ce, "Matar Kwaɗo za ka kai wa. Kullum tana cikin ruwa, sanyi ya kama mata murya."

"Sai dai ki ji godiya."

Hanyar rafi ta yi kudu, Gizo ya yi arewa.

"Na jiki na mai jiki,
Na juji na kan juji,
Matar Kwaɗo sha sanyi,
Ai Gizo ma jama'a ne!"

Ita kuwa Hawainiya ta share ɗaki tas, ta ƙone na juji, ta goge adaka ta shanya ta sha iska. Ta zuba busasshen ganyen darbejiya a gindinta saboda ƙwari. Ta ninke kayanta kala bakwai, kowane zane da ɗankwalinsa da mayafinsa a cikinsa, ta jera. Murfi ya rufu ƙirif. Ta fitar da na biki ta rataya a ƙusa. Ran nan a kan gado ta kwana, har da juyi.

Bari mu leƙa wajen Gizo. Ɗakin Gizo ɗan tsukuku ne, ƙofa ɗaya, ba taga. Ƙunshin farko ya cika rabinsa. Na biyu ya kai rufi. Na uku kuwa sai da ya shiga ciki ya jawo shi da baya, ya toshe ƙofa da shi. Niyyarsa ya ci tuwon biki ran Juma'a, ran Asabar ya kwashe kaya ya kai kasuwar wani gari inda ba a san shi ba.

Gari ya waye. Gizo ya ji ƙamshin miyar biki iska ta kawo. Ya zabura zai sa rigarsa ta fita unguwa, guda ɗaya tilo da yake da ita. Ina riga? Tana ƙarƙashin kayan Hawainiya. Ya tona nan, ya tona can, ƙulle-ƙullen suka kwance, tuli ya rufto, ƙofa ta ɓace gaba ɗaya.

Sai ya ji wata siririyar murya a cikin duhu. "Kai, wane ne ke rusa mana gari da sassafe?"

Gizo ya ce, "Gari? Ɗakina ne! Su wane ne ku?"

"Ni ce Kunama. Ga Kyankyaso, ga Asu. A cikin gwadunan nan aka haifi kakanninmu. Jiya muna barci muka ji an ɗauke mu."

"To ku koma gidan Hawainiya!"

Kunama ta ce, "Mu ba gida muke bi ba, tuli muke bi. Inda kaya suka taru ba a motsa su, nan ne garinmu. Kai ka kawo mu, mun gode, wurin ya yi mana. Sai dai ka zauna lafiya, kada ka taɓa mana komai."

Gizo ya ce a ransa, zancen banza, tuwo na can yana hucewa. Ya lallaɓa ya ja wani mayafi ta wajen da yake zaton ƙofa take. Asu ya buɗe fiffike ya watsa masa garin jikinsa a ido.

Ya murza ido, ya sake jan wani zane. Kyankyaso ya taso da 'ya'yansa arba'in suka bi ta kansa, wani ta kunne, wani ta hanci.

Ya yi atishawa, ya ce a mutu ko a yi rai, ya kama gwado da hannu huɗu ya fizga. Kunama ta ce, "Na faɗa maka," ta ɗaga wutsiya ta ɗana masa a mazaunai.

"Wayyo Ayyah! Jama'a! Jama'a ku kawo ɗauki!"

Amma jama'a duk suna gidan biki.

A can gidan biki kuwa, tun kafin a hura wuta Ƙadangaruwa ta ji sallama. Ta leƙo, sai ga Hawainiya tsaf, zane da ɗankwali da mayafi duk sun dace, da ɗan ƙunshi a hammata.

Ƙadangaruwa ta dafe ƙirji. "Yaya! Lafiya? Gobara aka yi?"

"Biki na zo."

"Na yau?"

"Na yau mana. Ina ruwan wankan? Ku kuna nan kuna barci, rana tana yi."

Ta ɗora ruwa, ta wanke amarya, ta shafe ta da turare har Kulɓa ta ƙara sheƙi a kan sheƙinta. Sannan ta kwance ɗan ƙunshin nan ta fito da saƙi ta lulluɓa mata.

Ta ce, "Kulɓa, wannan zanen kakarki ne. Ya goyi uwarki, ya goye ni. Kada ki binne shi a gindin adaka yadda na yi. Ki yafa, in Allah ya kawo rabo ki yi goyo da shi, in ya tsufa ya mutu a jikinki."

Kulɓa ta ce, "Na gode, Inna," tana kuka a cikin lulluɓi. Ƙadangaruwa da ke laɓe a bayan ƙofa ta gane zanen, ta fito ta rungume yayarta, ta manta da kunyar 'yar fari, har ta kira sunan yarinyar sau biyu. Mata suka yi ta yi mata tsiya.

Da hantsi baƙi suka fara cika gida. Hawainiya tana tarbar mutane, sai ga Ungulu ta sauka, kai tal, rana na ƙyalli a kansa.

"Gwaggo, ina ɗankwalayen? Ko ba su yi miki ba?"

"Waɗanne ɗankwalaye, 'yar nan?"

Sai ga Bushiya cikin tsummanta.

"Bushiya, ko ɗaya ba ki ɗaura ba cikin zannuwan?"

"Zannuwan wa?"

Sai ga Matar Kwaɗo tana rawar ɗari, murya a dushe.

Hawainiya ta ce, "Ke ma ba a kawo miki gwado ba ko?"

"Gwado? Ni? Rabona da gwado tun ina talibambam."

Hawainiya ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma, ta nemi Gizo a cikin taro. An sauke tuwo, an fara rabo, babu Gizo. Ta ce, "Tuwo a ƙasa, Gizo ba ya nan? To ko ya mutu, ko kaya sun riƙe shi. Na san irin riƙon. Kai amarya sai yamma, ku zo mu je mu dawo."

Mata suka ɗunguma. Tun daga nesa suke jin ihu. Suka iske ƙofar Gizo a toshe, gefen wata atamfa kore shar ya leƙo waje.

Hawainiya ta ce, "Salamu alaikum, mai gyaran ɗakin Giwa."

Ihu ya tsaya cak. Can sai murya ta fito. "Uwar ɗakina, ke ce? Alhamdu lillahi! Dama ajiya na yi musu. Na ce bari in tara su wuri ɗaya, a yi rabo ran biki a gaban jama'a, don sunanki ya fito."

"Allah sarki. To ga jama'ar sun zo."

Ungulu ta sa baki ta yi ta zaro ɗankwalaye. Ta ɗaura jan nan mai zaren zinariya, ta ce a kawo mata madubi. Bushiya ta jawo zannuwa, ta ɗaura koren, ya zauna mata ɗas. Matar Kwaɗo ta ja gwaduna, amma ita mai hankali ce, sai da ta kakkaɓe su a rana. Kunama da Kyankyaso da Asu suka zubo ƙasa. Kunama ta duba hagu ta duba dama, ta ga tuli ya watse, ta ce wa 'yan'uwanta, "Ku tashi mu nemi wani gidan. Masu jibga kaya ba sa ƙarewa a duniya." Suka bi ta gindin danga suka tafi.

Kayan sun yi wa mutum uku yawa, sai aka yi ta miƙa wa duk wadda ta zo. Ran nan babu macen da ta koma gidan biki da tsohon zane.

Daga ƙarshe aka jawo Gizo ta ƙafa. Ido jawur, hanci na zuba, mazaunai sun kumbura kamar tulu. Aka tono rigarsa, ashe Asu ya kwana yana walima a kanta, saura wuya kawai.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "To, aiki dai ya yi kyau. Uwar ɗakina, a tuna da ma'aikaci."

Hawainiya ta ce, "Za a tuna. Amma saura abu ɗaya ba a ware ba, kuma kai ka ce babu tabarma ta huɗu." Ta juya wajen mata. "Jama'a, Gizo fa? Na jiki ne?"

Suka ce, "A'a!"

"Na jama'a ne?"

Bushiya ta ce, "Wa zai karɓa?"

"To na ina ne?"

Gaba ɗaya suka ce, "Na juji!"

Ungulu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sure shi da ƙafa ɗaya, ta yi sama, ta sake shi tim a kan jujin bayan gari, cikin tokar tsummokaran da aka ƙone jiya.

Da yamma Hawainiya ta kama hannun Kulɓa ta kai ta ɗakinta, a kan lokaci, dangin Damo suna ta sa albarka. Da ta dawo, sai ta zuba tuwo da miya mai nama a akushi ta ce a kai wa Gizo.

Ƙadangaruwa ta ce, "Yaya, ɓarawon?"

Ta ce, "Hannunsa ne ɓarawo. Bakinsa gaskiya ya faɗa mini. Tuwon na bakin ne."

Gizo ya cinye tuwo a tsaye, don zama ba ya yiwuwa. Ga shi ba riga, ga kunya. Sai ya haye kusurwar rufin ɗaki ya fara saƙa wa kansa wata. Har yau yana can yana saƙa, bai gama ko hannu ɗaya ba. Kuma in kun lura, ɗakin da ba a gyarawa ya fi so, yana leƙen ko za a sake kiransa aiki.

"Iya, to ai har yanzu hawainiya tana canza kaya kala-kala."

Tana canzawa mana, Barira. Kala bakwai ɗin nan ne. Da yake ta san inda kowanne yake, kafin ki ƙifta ido ta sake wani.

"To me ya sa har yanzu take tafiya a hankali?"

Wannan kuma yanga ce. Wadda ta shirya da wuri ai ba ta da abin yi wa gudu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tufar da kake sawa ita ce taka. Wadda ka danne a gindin adaka kana cewa wata rana, rabon wani ne ka tsare, kuma tarin banza shi ke binne abin da ka fi ƙauna har ka rasa inda yake. Shi kuma wanda aka ba saƙo ya karkata da shi gidansa, ya sani ba kaya kaɗai ya ɗauko ba, har da kunamar da ke ciki.

Ƙungurus kan ɗan kusu, ya faɗa adaka, murfi ya rufe. Ku tashi ku kakkaɓe shimfiɗa.